A Kan Dutse Ba a Cewa "Ba Gajiya"

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga autata Hafsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin sauka lafiya, jirgi bai juya miki ciki ba, sanyin Jamus kuma ya karɓe ki da hannu biyu. Allah Ya sa kin shiga a sa'a, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya tsare min ke gaba da baya. Abbanku yana gaishe ki, ko da yake bai san da wannan takardar ba.

Na san sai kin yi dariya da kika tsince ta a cikin takalminki na hawan dutse. Za ki ce ga waya, ga saƙon murya, me ya kai Mama biro da takarda? To, a waya wayo kike min. Da na ɗauko magana sai ki hau "to Mama, in sha Allahu Mama," kafin in ankara mun koma zancen tela. Takarda kuwa ba a katse ta. Nemi wuri ki zauna, don da sauran tafiya.

Ranar da kika je kasuwar Tarauni sayo kuka da daddawar da za ki tafi da su, na shiga ɗakinki neman almakashi. A kan gado na ga kwafin fom ɗin da kika tura wa ƙungiyar ɗaliban can, na tafiyar kwana biyar a ƙafa cikin duwatsu. Ban yi niyyar karantawa ba, amma kin san ni, na karanta. A wurin da aka tambaya ko kina da wata larura, kin rubuta babu. Hafsatu, ke da inhela biyu a jaka? Asmar da muka yi shekara goma sha biyar muna lallaɓawa ce babu? Ban faɗa wa Abbanku ba. Da ma da ƙyar ya yarda, yana ta cewa in hawa kike so ga Dala ga Goron Dutse, ki hau sau goma ki sauko ki ci tuwo a gida. Da ya ji wannan, da magana ta ƙare. Ni kuwa so nake ki je, shi ya sa nake rubutu.

Kin san shekara uku kafin a haife ki asibiti ya tura ni kwas na shekara ɗaya a Sikotlan, na bar yayyenki biyu wurin Inna a Unguwar Gano. Kin kuma san na yi irin wannan tafiyar, ta kwana huɗu, don hoton yana nan a falo ina ta washe baki a cikin rigar ruwa. Abin da ban taɓa ba ku ba shi ne labarin abin da ya faru kafin a ɗauki hoton. Yau za ki ji, kuma ban yarda ki tura wa yayyenki ba.

Da raini na fara. Ranar da aka liƙa sanarwar tafiyar na yi dariya har da riƙe ciki. A wurinmu wa yake tafiyar ƙasa da gangan? Ki fito daga gida a ƙafa ki nufi titin gidan Zoo, kafin ki sha kwana mutum uku sun tsaya: "Sista, lafiya? Motar ce ta lalace?" Na ce wa Rozi, wata nas 'yar Filifin da muke ɗaki ɗaya, in dai tafiya ce a sa sunana, ni da nake yini a tsaye a ɗakin haihuwa. Sauran masu tafiyar suka yi wata guda suna fita atisaye da yamma, ni ina ɗaki ina shan shayi ina leƙensu ta taga. Ashe tsayuwa daban, hawa daban. Awa biyu da farawa na ji cinyoyina kamar an daka su a turmi. Ke kuwa kin fi ni lalaci, ke da ake tsayar wa adaidaita daga ƙofar gida zuwa kantin Malam Habu. Daga makon da kika sauka ki fara taka ƙasa kullum. Ki bar na'urar hawa bene ki bi matakala, da jaka a bayanki, ko da za a ɗauka ba ki da hankali.

Sai takalmi. Ba ni da na hawa, Rozi ta ara min nata na biyu. Da na zura ƙafa na ji yatsuna sun dunƙule. Ta ce, "Ya yi miki?" Na ce, "Kamar don ni aka yi shi." Ta yaya mutum zai ba ka abu da zuciya ɗaya ka ce ya matse ka? Kayan aro dai ba ya rufe katara, kuma wannan ko yatsa bai rufe da daɗi ba. Naki sabo ne fil, na gani, kuma sabo ma yana cizo. Ki riƙa sa shi zuwa aji da safa mai kauri har ya san ƙafarki. Da kin ji wuri ya fara zafi, ki tsaya nan take ki manna filasta, kada ki jira ya yi bororo.

Kayan da na ɗauka kuwa, in na tuna har yanzu kunya nake ji. Atamfa uku, don kada a gan ni da kaya ɗaya kwana biyu. Garin kunu, dambun nama, kilishi, yaji, man shafawa babbar kwalba, turare, da butar roba cikakkiya irin ta gida a rataye a gefen jaka tana kaɗawa. Jagorarmu wata tsohuwar Baturiya ce mai suna Marta, siririya, ta haura sittin, amma in ta sa ƙafa sai kin yi gudu ki kamo ta. Ta ɗaga jakata da hannu ɗaya, ta ajiye, ta ce, "Ƙaura za ki yi?" Na ce duk masu amfani ne. Ta ƙyale ni, don su ba sa ja-in-ja da babba a kan kayansa. A cikin wannan tarkacen, yaji da kilishi ne kaɗai suka fitar da ni kunya. Su ki ɗauka, da 'yar ƙaramar gora don alwala. Duk abin da kika riƙe kina cewa ko da za a buƙata, ajiye shi.

Yammacin ranar farko muka isa masauki, wani ɗan gidan katako a gindin dutse. Marta ta dafa miya mai zafi da dankali, ƙamshi ya cika ɗakin, ni kuwa yunwa kamar in ci babu. Ta miƙo min kwano. Bakina da kansa ya ce, "Na gode, na ƙoshi." Kin san yadda ake yi. A gida sai an ce haba, ɗan taɓa mana, ka ce wallahi alhamdulillahi, a ce don Allah, sannan ka sa hannu kamar an tilasta ka. Marta ta ce, "To," ta juye wa wani ƙato ɗan ajinmu. Na zauna ina jiran a sake tayi har aka wanke tukunya aka kife. Na koma gefe ina tsinkar kilishi a ɓoye, ina jin haushin mutanen da ba su yi min laifin komai ba. Auta, a can tayi ɗaya ne. In kina so ki karɓa, in ba kya so ki ce a'a, kuma duk wanda kika faɗa shi za a ɗauka.

Rana ta biyu azahar ta yi muna tsakiyar hanya. Na ji nauyin in tsayar da mutum goma sha ɗaya saboda ni kaɗai, sai na sulale bayan wani dutse na shimfiɗa ɗankwali na tayar da salla. Ina raka'a ta biyu na ji ana busa usur ana kwala kiran sunana ta ko'ina. Sun ƙirga sun ga babu ɗaya, sun ɗauka na gangara rami. Da na sallame na fito, Rozi har ta fara kuka. Marta ta ce, "Minti nawa sallar take ci?" Na ce biyar. Ta ce, "Mun yi ashirin muna nemanki." Daga ranar ita da kanta take duba agogo ta ce lokacinki ya yi, har ta fito da kamfas ta nuna min alƙibla. Kada ki ji kunyar sallarki a gaban kowa. Ki faɗa tun kafin a tashi, kuma ki tuna matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗawa, Allah bai ɗora miki abin da ba za ki iya ba.

Yanzu ga babban. Duk inda aka tsaya hutawa, Marta takan bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "Kin gaji? Akwai inda yake ciwo?" Ni a kunnena gaisuwa ce. Tun da aka haife ni, in an ce ina gajiya, amsa ɗaya ce: ba gajiya. Ko daga rijiya aka ciro ka, ba gajiya. Har ina yaba mata a raina, ina cewa wannan tsohuwa ta san mutunci, ta iya gaisuwa kamar Bakanuwa. Sauran in ta tambaye su sai in ji wannan ya ce gwiwarsa, waccan ta ce kafaɗarta, ina mamakin rashin ta-ido irin nasu. Manya da su suna ƙorafi kamar yara! Ni kuwa murmushi, ba gajiya, ba komai. Alhali dugadugaina biyu sun yi bororo sun fashe, safa ta manne da nama, kuma rabona da cin abin kirki tun kafin mu taso.

A rana ta uku ne za a hau ƙololuwar da kowa ya zo dominta. Da hantsi muna cikin hawa, iska tana kaɗawa, na ga ƙasa ta yi sama. Na farka a kwance a kan ciyawa, Rozi tana ɗura min ruwan sukari, Marta ta cire min takalmi tana kallon ƙafata. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi ja haka ba.

Ta ce, "Sau nawa na tambaye ki?"

Na ce, "Da yawa."

"Me ya sa kika yi min ƙarya?"

Kalmar ta yi min zafi fiye da ƙafar. Na ce ni ba maƙaryaciya ba ce, a garinmu haka ake amsawa, gaisuwa ce. Ta ce, "To in mutum ya gaji da gaske, ta yaya kuke sani?"

Na ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska. Muna duban mutum mu gane, ba sai ya faɗa ba."

Ta ce, "Ni ban iya karanta fuskarki ba. Kwana uku kina min murmushi. Da kin faɗa tun ranar farko, filasta biyu ne da rage kaya. Yanzu dubi."

Na duba. Mutum goma sha ɗaya a tsaye, ga ƙololuwar ana hangowa, babu wanda zai hau, don dokarsu ba a raba tafiya. Haka aka rarraba kayana, wannan ya ɗauki atamfa, ƙaton nan da ya cinye miyata ya rataya buta, aka juyo da ni ƙasa a hankali. Duk kawaicin da na yi don kada in zama nauyi ga kowa, shi ya mayar da ni nauyin kowa. Na yi kuka ranar, ba na ciwo ba, na takaici.

Abin mamaki, babu wanda ya riƙe ni a zuci. Da yamma na fito da yaji na barbaɗa musu a miya, suka yi ta atishawa suna neman ƙari, na ci kwano biyu ba tare da an yi min tayi na biyu ba. Washegari Marta ta naɗe min ƙafa, ta ba ni takalmin roba mai faɗi, muka bi hanyar kwari. Da ta zo kaina a hutun farko ta ce, "Kin gaji?" Na buɗe baki, ba gajiya ta taso har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na ce, "Na gaji. Ƙafar hagu ta fi ciwo." Ta ce, "Madalla, yanzu muna tafiya tare." A ranar ne na fara ganin wurin da nake. Ruwa yana gangarowa daga dutse fari tas, tumaki masu gashi har ƙasa, shiru irin wanda ban taɓa ji ba tunda a Kano aka haife ni. Kwana uku ina cikin wannan ni'ima ban gan ta ba, hankalina yana kan ɓoye ɗingishi. A ƙarshen wannan hanyar aka ɗauki hoton falo.

Satifiket ɗin kwas ɗin yana cikin akwati, ban san ma ko gara ta taɓa shi ba. Abin da na dawo da shi na gaske shi ne wannan. Da na koma aiki na daina tambayar mara lafiya ya jiki, don na san amsar. Mace tana naƙuda tana cizon zani, ki ce ya jiki, ta ce da sauƙi. Sai na koma cewa, "Baiwar Allah, mun gama gaisawa. Yanzu nuna min da yatsa inda yake ciwo." Ɗalibai har suna suka sa min, Sista Nuna-da-yatsa. Ban ji haushi ba, don na san matan da wannan tambayar ta tsamo.

To kin ga, da a nan labarin ya tsaya, da na fito fes, uwa mai hikima tana yi wa 'yarta faɗa. Amma tun ranar da na ga fom ɗinki nake tambayar kaina a ina kika koyi wannan babun, kuma ban sha wahalar nemo amsa ba.

Kina shekara tara, a bikin 'yar Gwaggo Asabe a Unguwar Gano. An cika ɗaki da turaren wuta, numfashinki ya sarƙe a gaban mata, na fito da ke tsakar gida na shaƙa miki magani. Ina durƙushe a gabanki na ji wata a bayana tana cewa, "Wayyo, ashe yarinyar mai ciwo ce. Irin wannan ai sai a yi ta fama, ga ta mace." Wata ta amsa da Allah Ya kyauta. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, na hango ana yi miki tambari tun ba ki girma ba. A hanyar gida na riƙe hannunki na ce, "Daga yau ko wa ya tambaye ki, ki ce mura ce." Washegari na ɗinka miki ɗan aljihu ta cikin hijabinki na Islamiyya, inda inhela za ta zauna ba mai gani. Kika ce, "Mama, ko Malama?" Na ce ko Malama. Ke kuwa yarinya ce mai jin magana. Shekara goma sha biyar ban taɓa jin kin faɗa wa kowa ba, har ƙawayenki na jami'a, ni kuma ina jin daɗi wai na rufa miki asiri.

Ni da na suma a kan dutse saboda ba gajiya, ni da nake tsare matan mutane in ce su nuna da yatsa, ni ce na koya wa 'yata ta ce mura ce. Na gyara a asibiti, na ɓata a gida. Wannan kuskuren ya fi na takalmi da na buta da na miya in an haɗa su, kuma shi kaɗai ne ba na iya ba da labarinsa ina dariya. Ki yafe min, Hafsatu. Maganar da na faɗa miki a hanyar Unguwar Gano na janye ta. Asma ba abin kunya ba ce, ba ke kika ɗora wa kanki ba, kuma duk wanda zai guje ki saboda ita, gara ya guje tun da wuri mu huta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iskar kan dutse sanyi gare ta, kin kuwa san abin da sanyi yake yi wa ƙirjinki. Ni ƙafa ce, an naɗe an sauko da ni. Numfashi ba ya jiran a sauko. Don haka kafin ki sayi ko safa, ki je wurin mai jagorantar tafiyar ki ce a ba ki fom ɗin nan, ki soke babu da hannunki, ki rubuta gaskiya. Ki ga likitan makaranta ya duba ki, ya faɗa miki abin da za ki ƙara. Inhela ta zauna a aljihun gaba inda hannu zai kai, ba a ƙasan jaka ba, kuma ki nuna wa mutum biyu inda take da yadda ake amfani da ita. Na san abin da kike tsoro, kada su ce ba za ki ba. A sanina ba sa hana mai asma tafiya, shiri kawai suke yi da shi. In ma sun ce ki jira zuwa bazara, ki jira, dutsen ba inda za shi.

Ban ɗaura albarkata a kan wannan ba, kada ki ɗauka sharaɗi ne. Albarka na riga na sa miki tun kafin ki bar gida, ba kuma zan karɓe ba. Roƙo ne nake yi. In kin gyara, ki ɗauki hoton fom ɗin ki turo min. A ranar zan zaunar da Abbanku in faɗa masa komai da bakina, har da aljihun hijabi, don shi ma bai sani ba. Faɗan da zai yi nawa ne, na ci bashinsa tun kina shekara tara.

Sannan ki je ki hau dutsenki, Auta. Ki kai inda uwarki ba ta kai ba, ki tsaya a can sama ki ja numfashi a gaban kowa, da inhela ko babu ita.

Allah Ya buɗe miki ƙirji, Ya ƙarfafa miki ƙafa, Ya kai ki lafiya Ya sauko da ke lafiya. Ya ba ki ilimi mai amfani da abokan tafiya masu amana, Ya dawo min da ke cikin aminci in gan ki da idona. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Taki har kullum,
Mama